Sai na zama 'yar ƙasar Amurka kafin a ba ni lasisin aikin jinya?

'Yar'uwa, kin ce a Kano kika yi karatun jinya, kina tambaya ko sai kin samu fasfo ɗin Amurka kafin a ba ki lasisi can. A'a, ba sai kin samu ba. Tun 1973 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Griffiths, ta hana jihar Konetikat rufe wa baƙo mai izinin zama ƙofar aikin lauya don kawai ba ɗan ƙasa ba ne. Wannan ƙa'idar ta shafi lasisin aikin jinya ma.

Inda gizo ke saƙar shi ne takardun zama. Wata dokar tarayya ta 1996 ta hana ba wa marar izinin zama lasisin sana'a, sai in jiha ta yi tata dokar da ta yarda. Kalifoniya ta yi hakan a 2014, har tana karɓar lambar haraji ta ITIN daga wanda ba shi da lambar Social Security, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba 'yan ƙasa da masu izinin aiki. Wasu jihohin kuwa, in fom ɗinki babu lambar Social Security, nan zai kwana. Don haka fara zaɓar jiha tukuna, domin kowace da hukumar jinyarta, ko da yake jarrabawar samun lasisin jinya, wato NCLEX, ɗaya ce.

Abin da ke ba mutanenmu ruwa: lasisi daban, izinin aiki daban. Ko kin ci NCLEX da ƙyar ko da sauƙi, ba asibitin da zai ɗauke ki babu izinin aiki, bizar aikin jinya kuma sai da takardar tantance karatunki da lasisinki, irin ta VisaScreen. Duk dillalin da ya ce lasisi kaɗai ya isa, kuɗinki yake so.