Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ana Tafe Ana Magana da Likitan Damuwa

Assalamu alaikum Likita. Ni ɗalibi ne a Ingila. Mahaifina ya rasu bara, ban samu zuwa jana'iza ba, tun daga nan barci ya ƙaurace mini, karatu ma ba ya shiga. An haɗa ni da wata mai ba da shawara kan damuwa. Sau uku muna zama a ofishinta, amma da ta zuba mini ido sai bakina ya yi nauyi. Yanzu ta ce mu riƙa fita lambun shan iska muna tafiya muna magana. Anya wannan magani ne, ko dai ta gaji da ni?

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙurin rashi. Ba gajiya ta yi da kai ba, lura ta yi da kai, kuma na yaba mata.

Ka tuna yadda ake yi a gida. Baƙo zai zo a zaure, a gaisa, a sha ruwa, a yi hirar damina da tsadar kaya, amma abin da ya kawo shi ba zai fito ba. Sai mai gida ya ce "bari in taka maka", an kai bakin layi, sannan ka ji "af, dama akwai wata 'yar magana". Mu da aka tarbiyyantar kan cewa kallon babba cikin ido rashin kunya ne, zama gaba da gaba a ɗaki rufe ya fi kama da tuhuma. Idan kuna tafe kafaɗa da kafaɗa, idonka na kan hanya, shiru ma ba ya yin nauyi, don ƙafa na aiki ko baki ya tsaya.

Kuma ba ita ta ƙirƙiro shi ba. A 1910 fitaccen likitan damuwa Sigmund Freud ya ga wani shahararren mai tsara kiɗa, Gustav Mahler, a garin Leiden na ƙasar Holan, suka shafe kusan awa huɗu suna zagaya gari suna tattauna matsalar aurensa. Abin ya ƙara bazuwa lokacin korona, da zaman ɗaki ya zama abin tsoro, har ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Birtaniya ta fitar wa mambobinta da ƙa'idojin yin sa a 2020. A 2015 masu bincike a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun gano cewa waɗanda suka yi tafiyar minti 90 cikin bishiyoyi da ciyayi sun samu sauƙin saƙe-saƙen zuci fiye da waɗanda suka bi gefen titi mai cunkoson motoci. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, don haka ban ɗauke shi hujjar ƙarshe ba, amma ya dace da abin da muke gani. Ka je. Idan bayan fita biyu ko uku ka ga ofis ya fi maka, ka faɗa mata kai tsaye.

Likita barka da aiki. Ni matar aure ce a Kano, ina ganin likita kan fargaba da bugun zuciya. Na ji labarin wannan tsari ya burge ni, amma idan aka gan ni ina yawo da wani namiji fa? Ko wata 'yar unguwarmu ta ji abin da nake faɗa?

Malama, tambayarki ta taɓo babban raunin tsarin. Ofis yana da ƙofa, titi ba shi da ita. Ko a Turai, inda kowa harkar gabansa yake yi, sai an zauna tun farko an yi yarjejeniya: wace hanya za a bi, idan aka haɗu da wanda ya san ɗayanku me za a ce, idan kuka ya zo ina za a raɓe. To ina ga garin da kafin ki kai bakin titi kin gaisa da mutum goma, kuma kowa na son sanin "wane ne wancan?"

Ni dai ba zan ba matar aure shawarar yawo a unguwa da likita namiji ba, don maganar da za ta biyo baya za ta iya fin fargabar illa. Ki nemi mace cikin ma'aikatan, ku yi zagayen a harabar asibitin, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya, inda ganin mara lafiya da ma'aikaciya ba abin mamaki ba ne. Maganganu masu nauyi, irin na cin zarafi ko sirrin aure, ki bar su sai an koma ɗaki.

Salam Dakta. Ƙanena yana shan maganin ciwon damuwa wata huɗu ke nan, ya fara samun sauƙi. Kullum da yamma nakan fita da shi mu taka mu yi hira. Tunda tafiyar na taimakonsa, zai iya ajiye maganin?

A'a, kada ya ajiye. Sauƙin da kake gani haɗin gwiwa ne na maganin da tafiyar da kuma kulawarka. Ƙa'ida ita ce a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan mutum ya warware, sannan likita ya riƙa rage shi sannu a hankali. Yanke shi farat ɗaya na kawo jiri, rashin barci da dawowar ciwon.

Allah Ya saka maka da alheri kan fitar da kuke yi, ku ɗore. Sai dai hirar ɗan'uwa daban, zama da ƙwararre daban: shi yana da abin da yake nema cikin maganar, da tsarin da yake bi mako bayan mako. Kuma idan ka taɓa jin ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya kwana biyu ba barci yana ta surutu, wannan ya wuce maganar tattaki. Ku kai shi asibiti a ranar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano.

Likita, ni dattijo ne, shekarata 63, ina da ciwon sukari da hawan jini, ga tunani ya yi mini yawa tun da na yi ritaya. Irina zai iya?

Baba, zai yiwu sarai, ribar ma biyu ce, don tafiyar na rage sukari da hawan jinin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato kamar rabin awa sau biyar. Amma a nan ba sauri ake nema ba. Idan numfashi ya hana ku ƙarasa jimla, a rage tafiyar.

Ku fita bayan Asuba ko bayan La'asar, ban da tsakar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu. Ku sa takalmi rufaffe mai laushi maimakon silifa, ku duba tafin ƙafa in kun dawo, don mai sukari kan taka ƙaya bai ji ba. Ku riƙe gorar ruwa da dabino uku a aljihu, ko da sukarin zai faɗi ku ji jiki na rawa da gumi. Idan cikin magungunanku akwai amitriptyline, ku sani yana busar da baki, yana rage zufa, yana kuma sa jiri idan aka miƙe da sauri, don haka ku gaya wa likitanku kafin ku fara. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari kuwa, a yi zaman a cikin ɗaki, ko a zagaya tsakar gida da takunkumi a hanci.