Me ake gani a zanen matan manyan Ingila na da?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. A darasin tarihin zane an nuna mana hotunan matan sarauta da masu kuɗin Ingila na ƙarni na 18. Ni dai duk iri ɗaya na gan su: fuska fari fat, gashi a tsaye, riga mai jan ƙasa. Me ya sa ake yabonsu har ake zuba musu kuɗi haka?
Wata ɗaliba, daga Zariya

AMSA: 'Yata, idonki bai yi ƙarya ba. Da yawansu kama suke da juna, domin aikin kasuwa ne. A lokacin babu kyamara. Idan 'yar babban gida ta yi aure, sai a kai ta wurin mai zane ta zauna masa, a rataye hoton a zauren gidan miji, baƙo ya gani ya san irin gidan da ya shigo. Kusan abin da amarenmu ke yi ne a situdiyo kafin biki, sai dai wannan na iya cin watanni.

Mutum biyu ne suka riƙe sana'ar, kuma kishiyoyin juna ne: Joshua Reynolds, shugaban farko na makarantar zane ta masarauta da aka kafa a Landan a 1768, da Thomas Gainsborough, wanda ya yi suna a garin Bath kafin ya koma Landan a 1774.

Farin fuskar da ya dame ki, rabinsa hoda ce, har da wadda ake haɗawa da dalma mai cutar da fata. Rabin kuma laifin Reynolds ne. Yana son gwaje-gwaje da fenti, kuma jan da yake sa wa kumatu yakan koɗe, wani tun yana raye. Don haka matar da kike gani kamar ta tashi daga jinya, da jan kumatunta na mai lafiya aka zana ta.

Ni inda nake fara kallo shi ne tufa. Reynolds yakan zana fuska, ya miƙa rigar ga wasu masu zane da aikinsu ke nan. Gainsborough kuwa da hannunsa yake yawancin nasa, kuma a nan nake fifita shi, ko da malaminki zai ce akasin haka. Ki nemi hotonsa na Uwargida Graham, wanda aka fara nuna wa jama'a a 1777, yana Edinbura ta Sukotland yanzu. Ki buɗe shi a kwamfuta, ki matso da rigar sosai. Ba za ki ga satin ba, sai shafe-shafen fari da toka da ja kamar an yi da gaggawa. Ki ja baya. Nan take yadin zai haɗu, ya yi sheƙi, har ki ji kamar zai yi ƙara in ta motsa. Reynolds da kansa, bayan rasuwar abokin hamayyar tasa a 1788, ya yi wa ɗalibai bayanin wannan dabara ya kuma yaba ta.

Sai ki koma kan fuskar. Yarinya ce, shekararta 17 aka yi mata aure. An tsayar da ita jikin ginshiƙi, da gashin jimina a hannu, cikin ɗinki irin na mutanen shekara ɗari da wani abu kafin zamaninta, don a ce gidan tsoho ne. Amma dubi yadda ta kawar da ido gefe, bakin a ɗaure. Dangi sun biya a zana musu daraja, mai zanen ya saka musu har da yarinyar da ba ta saki jiki ba. Wannan shi ne bambancin gwani da ɗan kwangila. Ta rasu a 1792, mijin ya kasa kallon hoton, aka ajiye shi a ɓoye har bayan mutuwarsa a 1843.

Kada kuma ki manta da tambayar daga ina kuɗin satin ɗin ya fito. Wasu gidajen haya suke karɓa daga manoma, wasu kuwa arzikinsu na gonakin rake ne da bayi ke nomawa a tsibiran Karibiyan. Hoton ba zai faɗa miki ba.

Maganar tsada, ba kullum kyan aiki ke jawo ta ba, labari ma na sayar da hoto. Zanen da Gainsborough ya yi wa Georgiana, matar basaraken Devonshire, an sayar da shi a gwanjo a 1876 kan farashin da ba a taɓa biya wa wani zane a gwanjo ba. Bayan 'yan makonni wani ɓarawo, Adam Worth, ya shiga shagon dillalin da ya sayi zanen, cikin dare, ya yanke shi daga katakonsa. Shekara 25 yana hannunsa, sai 1901 aka dawo da shi, attajirin Amurka J. P. Morgan ya saya. A 1994 ne ya koma Chatsworth, gidan dangin mijinta. Kuma duk wannan rububin a kan guntu ake yi, domin tun da farko wata tsohuwa da ta mallake shi ta datse ƙasansa don ya shiga gurbin da ke saman murhun ɗakinta.