Tambaya Da Amsa: Giga 512 Za Ta Ɗauki Flight Simulator Kuwa?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da shawara. Ni ɗalibi ne a Zariya, tun ina ƙarami nake son tuƙin jirgi, kullum ina ganin ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama suna wucewa ta saman unguwarmu. Na tara kuɗi ina so in sayi Microsoft Flight Simulator, gem ɗin kwaikwayon tuƙin jirgin sama a kwamfuta, laftof ɗina tana da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri) mai giga 512, RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta wucin gadi) giga 16, amma giga 200 ne kawai ya rage saboda hotuna da bidiyon karatu. Zai isa? Kuma wanne zan saya, na 2020 ko na 2024? Na ji an ce na 2024 bai da nauyi. Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka burinka. Gaskiya tambayarka ta min daɗi don mutane da yawa sai sun biya kuɗi sun fara saukewa sannan suke tuna maganar wuri.

Toh bari mu fara da lissafi. Na 2020, wanda kamfanin Asobo na ƙasar Faransa ya haɗa wa Microsoft ya fito ranar 18 ga Agusta 2020, giga 150 suka rubuta ana buƙata. Kaga in ka cire daga 200 ɗinka saura 50, a ido kamar ya isa ko? To bai isa ba wallahi. Wannan 150 ɗin na ranar farko ne, bayan nan akwai sabuntawa da suke turowa wanda dole ka karɓa kafin gem ɗin ya buɗe, kuma lokacin da yake sabuntawar yana buƙatar fili na wucin gadi da zai ajiye sabon fayil ya warware shi kafin ya goge tsohon, sannan akwai abin da suke kira World Update inda suke gyara wata ƙasa ta fito tsaf, Japan suka fara yi sai Amurka sai Birtaniya haka dai, kowanne da nasa gigogin. Ga kuma Rolling Cache, wato wurin da gem ɗin yake adana taswirar inda ka bi don kar ya sake jawo ta daga intanet, giga 8 yake zuwa da shi amma kana iya ƙarawa. Uwa uba folda mai suna Community, nan ake zuba ƙarin jirage da filayen jirgi da mutane suke ƙerawa, kuma duk wanda ya ɗanɗana wannan ba ya tsayawa a ɗaya, yau ka sa jirgi gobe ka sa fenti jibi ka sa fili, kafin ka ankara ta cinye giga 50 ita kaɗai.

Kuma kar ka manta SSD ba ta son a cika ta maƙil, in ta kusa cika sai ta fara nauyi, Windows ma tana son fili don nata sabuntawar. Ni dai shawarata kullum a bar aƙalla kashi 15 cikin 100 babu komai. Ita 512 ɗin ma in ka duba a kwamfuta kusan 476 za ka gani, ba cutarka aka yi ba, bambancin yadda ake ƙirga giga ne tsakanin masu ƙerawa da Windows.

Yanzu maganar na 2024. Eh gaskiya ne, wanda ya fito 19 ga Nuwamba 2024 giga 50 kawai suka nema. Amma ka tambayi kanka ina sauran kayan suka tafi? Ba ɓacewa suka yi ba, suna can kan sabar Microsoft, wato manyan kwamfutocinsu na intanet, kana tashi yana jawo ƙasa da gine-gine har da jiragen kansu ta intanet. Mafi ƙarancin gudun intanet da suka rubuta megabit 10 ne a sakan, wanda suka fi so 50, mafi kyau duka 100. Wato abin da ka tsira da shi a ma'ajiya za ka biya shi a data, kuma ba sau ɗaya ba, duk sanda ka kunna. Sannan RAM ɗinka giga 16 ita ce mafi ƙaranci a na 2024, alhali a na 2020 ita ce daidai wadda suka ba da shawara. Saboda haka in da hotspot na waya kake amfani kamar yawancinmu, ni na 2020 zan ce ka saya duk da ya fi cin wuri, domin wahalarsa ta farko ce, in ya sauka ya sauka, kana iya shiga saitin data ka kashe taswirar Bing (hotunan ƙasa da yake jawowa ta intanet) da yanayi na kai tsaye ka ci gaba da tashi daga filin Malam Aminu Kano zuwa Abuja, ƙasa ba za ta yi kyau sosai ba amma na'urorin cikin jirgin da kake son koya suna nan yadda suke.

Abin da za ka yi: kai laftof ɗin wurin mai gyara ya buɗe ya duba ko akwai ramin M.2 na biyu (wurin soka ƙarin SSD), in akwai ka sayi SSD nau'in NVMe mai tera 1 (giga 1000) ka ware wa gem ɗin shi kaɗai. In babu, SSD ta waje mai USB 3 za ta yi, amma ka yi mata fomat na NTFS, tsarin ajiyar fayil na Windows. Kar ka sa shi a tsohon HDD, ma'ajiya mai faifai mai juyawa, zai yi aiki amma za ka tsufa wurin jira ya buɗe. Kafin ka biya kuɗin SSD, musamman ta hannu, ka sa manhajar CrystalDiskInfo ka ga lafiyarta da awannin da ta yi tana aiki.

Wani abu da ke ruɗa mutane: a na 2020, abin da za ka fara saukewa daga Steam ko Microsoft Store, wato shagunan intanet da ake sayar da gem ɗin, ƙarami ne, sai ka buɗe shi sannan zai tambaye ka inda zai zuba manyan fayilolin. Nan ne za ka nutsu ka zaɓi sabuwar SSD ɗin, in ka danna da sauri duk a C, wato ma'ajiyar da Windows take ciki, zai jibge su.

Ka tanadi lokaci da wuta kuma. Giga 100 a kan megabit 10 kusan awa 22 ne ba tsayawa, shi ya sa ma a Turai kamfanin Aerosoft ya sayar da na 2020 a faifan DVD guda 10. Ka nemi inda akwai Wi-Fi mara iyaka da sola ko inbata, ka jona caja, ka hana kwamfutar yin barci, in an ɗauke wuta ko netwok ya yanke zai ci gaba daga kusa da inda ya tsaya. Ka kuma turo min sunan katin hoton (graphics card, na'urar da ke zana hoton gem) da ke cikin laftof ɗin, ba ka faɗa ba, na 2020 ɗin ma katin GTX 770 ne mafi ƙarancin da ya yarda da shi.