Wa ya fi sanin siyasa, mai waya ko mai rediyo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Daga Aboabo nake a Kumasi. Ƙanena ba ya rabuwa da TikTok da zaurukan WhatsApp, har yana cewa ya fi Baba sanin siyasar Ghana tunda Baba rediyo kawai yake saurara. Yana da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. In saurin ji ne, ƙanen naki ya yi gaba. Da Bawumia, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar NPP, ya amince da shan kaye a safiyar 8 ga Disamba 2024, bidiyon ya zaga wayoyi tun kafin Hukumar Zaɓe ta bayyana Mahama na jam'iyyar NDC a matsayin wanda ya yi nasara washegari.

Sai dai manhajojin nan suna auna abin da mutum ya tsaya ya kalla ne, su ƙaro masa irinsa. Cacar bakin 'yan NDC da NPP tana riƙe ido, bayanin kasafin kuɗi kuwa sai a wuce shi da yatsa. A hankali yaro zai haddace wa ya zagi wa, bai san yadda gwamnati ke tafiya ba. Masu bincike sun lura cewa wanda ya zauna jiran labari ya iske shi a waya yakan ɗauka ya sani sosai, amma in aka gwada shi, mai neman labari da kansa yakan fi shi. WhatsApp ma ya fi damuna: saƙon murya ya zo da Hausa daga kawu ko abokin masallaci, ba a san tushensa ba, kunya kuma ta hana a tambaya.

Ki gwada su biyun. Kwatar unguwa in ta toshe, aikin wa ne? Da yawa za su ce ɗan majalisar dokoki mai wakiltar mazaɓar Asawase, alhali nauyin yana kan majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong. Wa ke zaɓen shugaban ƙaramar hukumar? Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi, 'yan majalisar ƙaramar hukumar su amince da kashi biyu bisa uku. Nawa tsarin mulkin 1992 ya ware wa irin waɗannan majalisu? Aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa. Da wuya ki ga wannan a TikTok.

Baba ma bai tsira ba, don gidajen rediyo da dama na 'yan siyasa ne, kuma akwai masu bugo waya kullum don kare jam'iyya. Abin da ya fi ƙanenki da shi, yana jin labarai daga farko har ƙarshe, har waɗanda bai zaɓa ba.

Kada ki ce wa ƙanen naki ya ajiye waya, ba zai ji ba. Ki nuna masa shafukan GhanaFact da Dubawa masu tantance jita-jita, kuma ranar da ministan kuɗi zai karanta kasafi a majalisa, su kalla tare da Baba a wayar tasa.