Wai mene ne "siffler" da Faransanci?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, ni mazaunin Jidda ne, muna kallon ƙwallo da wani abokina ɗan Damagaram shi kuma sharhin Faransanci yake saka mana a waya, tun da Benzema da Kante suka zo ƙungiyar Ittihad ta Jidda a 2023 ba ya barinmu mu ji na Larabci. To kullum sai in ji ana siffle siffle, in alƙalin wasa ya busa a ce siffle, in 'yan kallo sun fusata ma a ce siffle. Na tambaye shi ya ce fito ne kawai. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba amma rabi ya ba ka. Siffler ana furta shi "sifle", asalinsa yin fito ne da baki, je siffle ina fito, il a sifflé ya yi fito. Usur ɗin alƙalin wasa, wanda Larabawan nan ke ce wa saffara, shi ne sifflet, to in ka ji l'arbitre siffle un penalty ya busa fanareti kenan, coup de sifflet final kuma busar tashi.

Inda ka rikice shi ne wajen 'yan kallo. Su Faransawa in jama'a sun yi wa mutum fito a fili ba yabo ba ne, ihu ne na "ba ma yi", il s'est fait siffler yana nufin an yi masa ature, ko ɗan wasa ne ko mawaƙi ko ɗan siyasa, saboda haka kar ka ji an ce an siffle wani ka ɗauka tafi ake masa.

Kalmar tana da yawo sosai wallahi. Hucin maciji siffler ne, kukan iska ma haka. A bakin 'yan gari siffler un verre shi ne kwankwaɗe kofi tashi ɗaya, kamar yadda ake yi wa ruwan sanyi lokacin buɗa baki. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne j'ai les oreilles qui sifflent, wai kunnena na fito, ma'ana ana gulmata a wani wuri.

Amma tsaki baya ciki, shi tchip suke ce masa. Kuma in za ka gwada fiton kanka yi da rana, ka san iyayenmu har a Makka basu daina cewa fiton dare kiran aljanu ne ba.