Hannuna ya faɗa da jirgi marar matuƙi, shin sai na yi karatu kafin jarrabawar lasisi?

Tambaya: Malam, a Amurka nake zaune, shekara biyu ke nan ina tashin ƙaramin jirgi marar matuƙi don nishaɗi. Yanzu dillalan gidaje na so in riƙa ɗaukar musu hoto ta sama suna biyana, aka ce sai da lasisin Part 107, wato na masu tashinsa don kasuwanci. Hannuna ya faɗa sosai. Hakan ya isa, ko sai na zauna karatu?

Amsa: Ɗan'uwa, sai ka zauna karatu. Ranar jarrabawa ba wanda zai miƙa maka jirgi ya ce tashi mu gani. Gaban kwamfuta za a zaunar da kai, tambaya 60 cikin awa biyu, kuma sai ka ci kashi 70 cikin ɗari, wato amsa 42. Abin da FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, ke son tabbatarwa tun da dokar ta fara aiki a 2016 shi ne ka san sararin da kake shiga, domin akwai jirage masu ɗauke da rayuka a cikinsa.

Dokokin haddace su ake yi, ba su da wuya. Nauyin jirgi ƙasa da fam 55, kada ya wuce ƙafa 400 daga ƙasa, idonka a kansa, ana iya hangen nisan mil 3, ka bar tazarar ƙafa 500 ƙarƙashin gajimare da 2,000 ta gefe. Kwana kaɗan sun zauna maka.

Inda ake zubewa shi ne taswirar sararin sama. A nan nake so ka kashe rabin lokacinka. Ka sa yatsa a kan filin jirgi guda, ka duba layin da ya zagaye shi, shi ke nuna ajin sararin wurin: shuɗi mai kauri aji B ne, shuɗi tsinke-tsinke aji D, mai launin ja da shunayya a miƙe aji C. Duk waɗannan sai da izini, wanda galibi ake nema ta LAANC, tsarin neman izini ta intanet, amma aji G, sararin da masu kula da zirga-zirgar jirage ba sa sarrafawa, ba ya bukata. Sannan ka dubi alamar hasumiya, irin ta sadarwa. Za ka ga lamba biyu, misali 1,549 a sama, 349 a ƙasanta cikin baka. Ta farko tsayi ne daga matakin teku, ta biyun daga ƙasar da hasumiyar ke tsaye. Masu tsara tambaya sun san mutane na rikita su, shi ya sa sukan sa duka biyun cikin zaɓin amsa. Kafin ka taɓa komai ka tambayi kanka: daga ina ake aunawa?

Sai rahoton yanayi na METAR, wanda da farko yake kama da rubutun sirri. Idan ka ga OVC007, gajimare ya rufe sama a ƙafa 700. Cire tazarar 500, saura 200. Ranar nan iyakarka ke nan, ba 400 ba. Ka riƙa buɗe rahoton filin jirgin da ke kusa da kai kowace safiya, ka warware shi, ka leƙa taga ka gwada. Mako biyu idonka ya saba.

Wani abu da mutane ke sakaci da shi, kuma yana ba ni takaici: littafin taswirori da zane-zane da ake ba ka a ɗakin jarrabawa, FAA ta sa shi kyauta a intanet, kuma a farkonsa akwai bayanin alamomin taswira. Ka saba da shafukansa tun a gida, kada ranar ta zama ganinka na farko.

Tambayoyin gwaji suna da amfani, amma ban yarda da haddar amsa ba. Wanda ya haddace cewa karkatar digiri 60 a kwana tana ninka nauyin da jirgi ke ɗauka sau biyu, bai san dalili ba, ana juya tambayar ya ɓace. Duk wadda ka faɗi, koma ka gano me ya kayar da kai. Idan ka fara wuce kashi 85 a kai a kai, ka buɗe rajista a IACRA, shafin FAA na neman lasisi, ka karɓi lambar rajistarka, ka kama rana. In ba a dace ba, sai an jira kwana 14 kafin a sake zama. In Allah ya ba da sa'a kuma, za a yi binciken tsaro kafin lasisi ya fito, sannan duk bayan wata 24 akwai kwas na sabuntawa kyauta ta intanet.