Guda 3,000 a rana: wa ya ƙirga maka su?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shago ina sayar da kayan sanyi, shekara shida ke nan. Na ɗan tara abin da na tara, ina so in shiga sana'ar askirim mai tsinke. Ɗan ƙanin mahaifina ya samo mini injin zubi da daskarwa na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, mai mazubi ɗaya, ya ce a takardarsa an rubuta yana fitar da guda 3,000 a rana. Na yi lissafi, in na sayar da su duka, cikin wata huɗu kuɗina sun dawo. Injin zai cinye kusan kashi tara cikin goma na jarina, sauran in sayi madara da sukari da leda. Ina da firiza ɗaya da nake sa lemo a ciki. In ɗauki wannan ɗin, ko in ci bashi in sayi babbansa mai 6,000 tunda zafi na tafe?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na karanta takardarka sau biyu, kuma ba zan zaɓar maka tsakanin mai 3,000 da mai 6,000 ba, domin duka biyun a kan tubalin toka ka ɗora su. Kuskurenka guda ɗaya ne, shi ya haifi sauran: ka ɗauki lambar da masu inji suka buga a takarda ka mayar da ita cinikinka. Ba kai ka ƙirga 3,000 ɗin nan ba, ɗan'uwanka ma bai ƙirga ba. Karantawa ya yi, ya faɗa maka, ka ninka da riba, har ka yanka wa kanka wata huɗu.

Zo mu ƙirga tare. Irin wannan ƙaramin injin tanki ne cike da ruwan gishiri, ko wani ruwan da ba ya daskarewa da wuri, kwamfuresa, wato na'urar da ke samar da sanyin, na saukar da shi zuwa wajen digiri 25 ƙasa da sifili. A ciki ake tsoma mazubin ƙarfe bayan an cika ramukansa da haɗin askirim, a jera tsinke, a jira ya kama. Yawancin mazuban da na gani guda 40 suke ɗauka, kuma zubi ɗaya kan ci kamar minti 20 idan komai ya tafi daidai. Ka ga 120 ke nan a awa. Yanzu raba 3,000 da 120. Awa 25 za ka samu, rana kuwa awa 24 ce. Wato wanda ya rubuta lambar nan ya ƙaddara inji ba ya tsayawa dare da rana, ɗaki na da sanyi, haɗin da ake zubawa ya riga ya huce sosai, kuma akwai hannun da ba ya gajiya yana cirewa yana sake zubawa.

Kai kuwa da safe in ka kunna, awa ɗaya ko biyu za su wuce kafin ruwan tankin ya yi sanyin aiki. Kowane zubi sai ka ciro mazubin, ka tsoma shi a ruwan ɗumi don askirim ɗin ya saki, ka zare, ka sa a leda, ka liƙe, ka ɗauraye mazubin. Da mazubi ɗaya, duk lokacin da kake wannan aikin tankin zaman banza yake yi. In ɗakin ya ɗauki zafi da rana, minti 20 ɗin nan ya koma 30. Aikin awa takwas na gaskiya, in ka fitar da 600 zuwa 700 ka yi ƙoƙari. Kuma injin naka na hannu ne, kwamfuresarsa ta riga ta ci rabin ƙarfinta a wajen wani.

To ko 700 ɗin, fitarwa ka yi, ba ka sayar ba tukuna. Wa zai saya? 'Yan talla nawa ka yi magana da su? Kula nawa gare su? Nawa kowannensu zai iya kwasa ya ƙarar kafin kayan su saki? Ba ka ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma ka san watan da kuɗinka za su dawo. Wannan lissafin dokin rano ne, kuma na gaji da ganinsa yana cinye gumin mutanen kirki irinka. Shekara shida ka yi kana tara kuɗin nan sannu a hankali. Me ya sa kake so su ninka a wata huɗu?

Dubi ɓarnar da lambar nan ta yi wa rabon jarinka. Saboda ka yarda inji shi ne riba, ka ba shi kashi tara, ka bar wa sanyi firizar lemo. Firizar da ake buɗewa sau ɗari a wuni, a tura mata kwalabe masu ɗumi, ita za ka ba amanar askirim? Askirim na son ya zauna a digiri 18 ƙasa da sifili ko abin da ya fi haka sanyi, kuma ya zauna ɗin, kada ya riƙa hawa da sauka. Duk lokacin da sanyi ya ragu, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙarar da ke cikinsa sukan narke, in sanyi ya dawo sai ruwan ya manne wa manyan su ƙara girma. Sau biyu, sau uku, laushin ya tafi, mai saye ya ji kamar yana tauna yashi. Ba zai zo ya yi maka ƙorafi ba, gobe wajen wani zai tafi, kai kuma kana zaune kana cewa kasuwa ce ta yi sanyi.

Shekarun baya wani mutum ya zo wurina da irin zumuɗinka. Ya sayi injin da ya fi ƙarfin cinikinsa sau uku, ya ajiye tsohuwar firiza ɗaya da ƙaramin janareta. Mako biyu na farko abin ya yi armashi, har ya ƙara ma'aikaci. Wata rana cikin dare wuta ta ɗauke, janaretan ya ƙi ɗaukar firizar, gari ya waye kayan kwana uku sun yi laushi cikin leda. Da zubarwa ya yi, da asarar ta tsaya a nan. Sai ya ga kuɗin madara da sukarin da ke ciki, kuma ba shi da ko sisin sake sayen wasu, domin duk jarin na cikin inji. Ya sake daskarar da su ya ba 'yan talla. Yara biyu suka yi ciwon ciki, magana ta bazu, 'yan tallan suka daina zuwa. Ba mugu ba ne. Rashin kuɗin juyi ne ya tura shi ga abin da bai taɓa tsammanin zai aikata ba. Daga baya ya sayar da injin ƙasa da rabin abin da ya saya.

Ka riƙe wannan da kyau, domin ya wuce maganar riba: sanyi ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai yake yi. Akwai ma irin su listeriya da ke jure ƙanƙara su jira. Shi ya sa haɗin madara sai an dafa shi, wajen digiri 69 na rabin awa, a sauke, a sanyaya shi da sauri zuwa digiri 4, a bar shi a firij aƙalla awa huɗu kafin a zuba a mazubi. Wannan hutun shi ke sa haɗin ya yi jiki, shi ne kuma ke rage wa inji aiki. Tukunyar dafawa, ma'aunin zafi, firij na haɗi daban, ruwa mai tsabta: ina suke a lissafinka? A cikin kashi ɗayan nan da ka ware wa madara da leda?

Sai wuta. Inji in ka gama aiki ka kashe shi. Firiza kuwa ba ta da hutu, ranar ciniki da ranar da ruwan sama ya hana kowa fita duk ci take yi, haka lokacin sanyi da ciniki zai faɗi warwas. Sannan kwamfuresa a daidai lokacin tashi takan ja wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci in ta daidaita. Janaretan mutumin can a nan ya gaza: an auna shi da abin da aka rubuta a jikin firiza, ba a auna shi da tashinta ba. In kana inda wuta ke yawan ɗaukewa, kuɗin mai na wata guda ya kamata ya zo a saman takardar lissafinka, kafin kuɗin sukari.

Game da ɗan'uwanka, ba na zarginsa da komai. Mai yiwuwa alherinka yake nema. Amma zumunci ba ya sa kwamfuresa ta yi sanyi, kuma in injin ya ba da matsala kunya za ta hana ka magana, ka haɗiye asara ka haɗa da ɓacin rai. Abin da kuke shirin yi cinikin biri a sama ne. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an kunna injin a gabanka, da haɗi na gaske a cikin mazubi, zubi uku a jere, agogo a hannunka, ma'aunin sanyi a cikin tankin. Zubi na uku ya fi na farko faɗin gaskiya, domin a lokacin injin ya ɗau zafi. Ka tafi da mai gyaran firij naka na kanka, wanda kai za ka biya. Ya duba farantin da ke jikin injin: wuta nawa yake ci, 50 ne ko 60 a wajen da aka rubuta Hz (ma'aunin bugun wuta, don a ga ko ya dace da wutar wurinku), layi ɗaya yake so ko layi uku. Manyan injina da yawa layi uku suke so, kuma na san wanda injinsa ya shekara a rufe da tamfol saboda wannan kaɗai, don haka ka cire mai 6,000 ɗin nan daga ranka tun yanzu. Ya duba irin gas ɗin: in R22 ne, ka sani tun yarjejeniyar Montreal ta kare sararin samaniya da gyare-gyarenta duniya ke janye shi, zai yi ta wahalar samu. Ka cika mazubin da ruwa ka ɗaga ka ga ko yana yoyo, domin ɗan ƙaramin huji ya isa ruwan gishirin tanki ya shiga, zubin gaba ɗaya ya yi ɗaci. In ɗan'uwanka ya ji haushin gwajin nan, ka ba shi haƙuri, amma kada ka fasa.

Firizar da za ka saya ma akwai harafi a farantinta. Mai N an yi ta ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba, mai ST 38, mai T 43. In wurinka na da zafi, T za ka nema, kuma ka ajiye ta ga askirim kaɗai.

Da ni ne kai, kashi uku zan raba kuɗin nan. Ɗaya na inji da mazubi biyu, domin mazubi na biyu ya fi ƙara maka yawan kaya a kan ƙarin girman inji. Ɗaya na firiza, firij, janareta da kulolin talla. Na ukun a hannu, na kayan haɗi da mai da gyara da albashin wata uku, har da daren da kaya za su narke ka zubar ba tare da hannunka ya yi rawa ba. In kashi ɗaya bai isa sayen wannan injin ba, to injin ya fi ƙarfinka a bana, kuma bashi ba zai rage masa nauyi ba.

Amma kafin wannan duka, ina so ka samo lambarka ta kanka. Wata mata da nake ba shawara haka ta fara: wata guda cur tana sarin askirim daga wajen masu yi, ta raba wa 'yan talla huɗu, kullum da yamma ta rubuta nawa suka fita, nawa aka sayar, nawa suka dawo a narke, kuma yaya garin ya kasance ranar. Da ta tashi sayen inji ta san abin da kasuwarta ke ɗauka, ta sayi daidai shi, bayan shekara biyu ta ƙara na biyu da kuɗin na farko.

Kai ma yi haka. Sayi firizar tukuna, tunda ko yaya ta kaya za ka buƙace ta. Sari kaya, nemi 'yan talla uku ko huɗu, buɗe littafi mai layi huɗu kamar nata. Ka sa ma'aunin sanyi a firizar, ka rubuta abin da ya nuna da asuba da azahar da dare, ka rubuta man da janareta ya sha. Bayan kwana 30 ka turo mini shafukan, mu duba tare mu ga wane inji ne ya dace da su. Ɗan'uwanka kuma ka gaya masa yau cewa kana buƙatar wata guda. In injin ya tafi kafin nan, wani zai zo.